Zakaran Jegon Inna

Duk wanda ya san ni a ƙauyenmu ya san labarin zakaran nan, kuma duk a karkace suka san shi. Cewa suke yi wai ni na hana a yanka shi saboda ƙauna, na yi ta shafa masa magani har ya mutu a hannuna. A nan na samo sunan Likitar Kaji, kuma har yau da nake da aure da 'ya guda akwai masu kirana da shi. To, ƙarya ne. Ban taɓa ƙaunar zakaran nan ba. Mafaɗaci ne, ya sha sarana a ƙwauri. Kullum na kalle shi nama nake gani, kamar kowa a gidan. Ina da nawa laifin a ciki, kuma da bakina zan faɗe shi, amma ba shi ne wanda ake ba da labari ana dariya ba.

Marka ce ta tono mini maganar. Yau kwana shida ke nan a Tiga, inda nake aure, ba mu ga rana ba, wanki ya ƙi bushewa, gawayi ya sha ruwa, ɗaki sai warin danshi. A makon jiya kuma na je gida gaisuwa tare da ƙanwar mijina. Kaka, mahaifiyar Baba, wadda yanzu idonta ya yi rauni amma bakinta yana nan daram, ta zaunar da baƙuwar ta ba ta labarin tun daga farko, tana tafa hannu. Baƙuwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna tana gefe tana tsinkar zogale, ba ta ɗago kai ba. Tun da na dawo abin yake cina, don haka bari in faɗe shi yadda ya faru.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Ƙauyenmu gida biyar ne kacal, rafi ya raba mu da garin Ƙofa. A gidanmu akwai Baba, da Inna, da Kaka, da ni, da ƙannena biyu, Hadiza da Zulai. Duk mata, in ka cire Baba.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya da ciki, abin da aka girbe bai kai rabin rumbu ba. Da sanyi ya shigo cutar kaji ta bi ƙauyen gida-gida. Kullum da safe sai mu kwashe matattu daga akurki, har ya rage saura jan zakara guda, wanda ban san abin da ya hana shi mutuwa ba in ba taurin kai ba. Sabuwar damina ta zo da yaudara. Aka yi ruwa biyu masu kyau, kowa ya yi shuka, sai sama ta bushe ƙaf har tsiron ya ƙone. Aka sake shuka da irin da aka so a ci. Kafin marka ta kankama, wata safiya na ji Baba a cikin rumbu da tsintsiya. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar tsintsiya a gindin rumbu ba ya manta ta. Ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba, rabinsa ƙasa da kashin ɓera, ya miƙa wa Inna.

Daga nan rayuwa ta koma iri ɗaya kullum. Da safe kunu tsararo, wanda in ka leƙa kana ganin fuskarka a ciki. Baba ya saɓi fartanya ya tafi ƙodago gonar masu hali, a sallame shi da ɗan awo, sai bayan azahar ya shiga tasa gonar, wadda ciyawa ta riga ta fi ƙarfinta. Ni da Hadiza mu ɗauki ƙwarya mu bi gefen gonaki tsinkar tafasa da lalo da rama, ƙafafunmu cikin taɓo har tsakanin yatsu ya tsattsage yana ƙaiƙayi. Da rana kwaɗon tafasa ba ƙuli, ba mai, gishiri sai a ɗan yayyafa. Da yamma tuwon dusa ko na garin rogo, in an samu. Itace jiƙaƙƙe, sai an yi ta hurawa ido yana zubar da ruwa kafin wuta ta kama. Ɗakin Inna yana yoyo wuri uku, kowane wuri da kwanonsa. Masara tana gona ta fara fitar da gemu, muna wucewa muna kallonta, muna ƙirga kwanaki.

Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai, ga wanda bai sani ba. Jiri ne in ka miƙe tsaye. Saurin fushi ne. Zulai, mai shekara huɗu, ta daina wasa, sai ta zauna a bakin ƙofa tana tsotsar bakin zanenta.

Inna kuwa cikinta ya shiga wata tara. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Tafin hannunta fari fat. Na sha ganinta tana tura nata tuwon gaban Zulai, ta ce ƙwannafi ya hana ta ci.

Kaka ce ta yanke hukunci a kan zakaran tun farkon damina, ta ce na jegon Inna ne. Mai jego a wurinmu da abu uku take tashi: wankan ruwan zafi, kunun kanwa, da nama mai yaji. A shekarar nan ba wanda yake maganar ƙaurin jego, ragon suna ma sai yadda Allah ya yi. Zakaran nan shi kaɗai ne naman da Inna take da tabbacin gani. Saboda haka muna kwana da yunwa shi yana yawo a tsakar gida yana kallonmu, ba mai taɓa shi.

Da kaji suka fara ɓata a maƙwabta, don yunwa ta sa hannun wasu ya yi tsawo, sai Baba ya ɗaure shi a ƙafar rumbu da igiyar leda, irin wadda ake warwarowa daga buhu. Wannan igiya ba ta tsinkewa, ba ta kuma saki. Wata Lahadi da hantsi karen maƙwabta ya faɗo ta inda katanga ta zube. Zakara ya tashi sama da ƙarfinsa, igiya ta naɗe ƙaimin ƙafarsa ta hagu, wannan tsinin da yake bayan ƙwauri wanda suke faɗa da shi, ta fizge. Da na iso ƙaimin yana reto da 'yar fata, cikinsa ja wur a waje, jini yana ɗiga cikin taɓo.

Baba yana gida ranar. Ya duba ƙafar sau ɗaya, ya shiga ɗaki ya zaro wuƙa. Ni har na fara tunanin wace tukunya za a ɗora. Sai Kaka ta fito.

"Ɗanlami, mayar da wuƙar nan."

"Iya, ƙafar nan ba za ta yi ba a cikin ruwan nan. Gara a ci shi da sauran namansa."

"A ci yau. Ranar da yarinyar nan ta sauka kuma ka ba ta me? Tafasa?"

Baba ya ce a soya a ajiye. Kaka ta tambaye shi da wane man, kuma wace rana ce za ta busar da nama a cikin marka har mako uku. Ya ce to wa zai zauna jinyar kaza, shi da ko gonarsa bai gama nomewa ba. Na ce ni. Ku lura da kyau: wanda ya fara tsayar da wuƙa a gidan nan ba ni ba ce. Ni jinya kawai na karɓa.

Ban san komai ba, abin da na ga ana yi wa mutum shi na yi masa. Hadiza ta riƙe fukafukai, na matse shi tsakanin cinyoyina. Na barbaɗa toka mai sanyi na danne da yatsa har jinin ya tsaya. Na ɗauki tsohuwar rezar Baba na yanke guntun da yake reto, ya yi wata ƙara ya kai mini sara a hannu, tabon yana nan. Na ɗumama ruwa, na saci gishiri daga na miya, na wanke wurin, na shafa ɗan man kaɗanyar da Inna take ajiyewa don jariri. Sannan na yagi bakin tsohon zane na naɗe ƙafar tam, na ƙulle. Na ji daɗin ɗaurin nan ƙwarai, ya yi kyau kamar na asibiti.

Shi ne kuskurena na farko. Tsumma a cikin marka ba ya bushewa. Kwana uku ban kwance ba, don ina ganin in na buɗe iska za ta shiga. A rana ta huɗu wari ya fara tashi, ƙafar ta kumbura har yatsu, ya daina taka ta. Baba ya ce a zuba baƙin mai na inji, ko a ɗora wuƙa a wuta a ƙone wurin. Wata maƙwabciya ta ce a sayo kafso mai ja da rawaya a Ƙofa a juye masa a ruwa. Wanda ya rasa na gishiri ina zai ga na kafso?

Dudu ce ta cece ni. Bafulatana ce daga rugar da take bayan gonakinmu, tana kawo tallar nono, a da Inna tana ba ta hatsi ta ba mu nono. A shekarar nan ba hatsin musaya, amma ba ta daina biyowa ta sauke ƙwarya ta huta ba. Ta ji warin tun daga zaure. Ta karɓi zakaran, ta kwance tsumman da kanta, sai ga tsutsotsi farare ƙanana suna motsi a cikin ramin ƙaimin. Hadiza ta ruga waje tana kakarin amai. Dudu ta dube ni ta ce ko saniya ce aka yi wa wannan ɗauri da damina sai ta rasa ƙafa, wa ya koya mini? Na ce ba kowa. Ta ce ai ga alama.

Ta sa na karyo tsinken tsintsiya, ta nuna mini yadda zan zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya ba tare da na soki naman ba. Ta ce in samo bagaruwa busasshiya in daka ta yi laushi, in wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, in tsane shi, in barbaɗa garin, in bar shi a buɗe. Kada ƙafarsa ta sake taɓa taɓo, kada kuma ƙuda ya sauka. Da za ta tafi ta zuba wa Inna ludayi biyu na nono ta ce kyauta ne.

Na mayar da shi ɗakin girki, kusa da murhu, na shimfiɗa masa ƙaiƙayi na kife shi da kwando. Hayaƙi yana korar ƙuda, ɗumi yana busar da ciwo. Sauran matsala abinci. Tsaba ɗaya ba ta ragowa a gidan, don haka sai na koma neman gara. In cusa busasshen kashin shanu da karmami a fasasshiyar tukunya, in kife a bakin suri, washegari in ɗauko cike da gara in zazzage masa. Ranar da ruwa ya yi yawa gara ba ta hawa, sai in tono masa tana. Akwai ranar da na gutsuri nawa tuwon na ba shi, ina ba shi ina zaginsa. Zulai tana tsaye tana kallon bakinsa.

Kuma maganin ya yi. Wannan shi ne abin da ba wanda yake faɗa. Kumburi ya saɓe, wari ya ɗauke, bakin ciwon ya yi baƙi ya fara ƙamewa. A kwana na tara ya tsaya da ƙafa biyu. A na goma ya yi cara sau ɗaya, muryar a shaƙe, amma cara ce. Inna ta leƙo ɗakin girkin ta daɗe tana kallonsa, ta koma.

Ranar Alhamis aka yi ruwan da ya fi na kullum, tun azahar ba ƙaƙƙautawa. Kusurwar ɗakin girki ta jiƙe ta rufto, ruwa ya malalo ciki. Da na je da safiyar Juma'a na tarar da shi tsamo-tsamo a cikin kwando, ƙaiƙayin ya zama taɓo, ya takure yana rawar sanyi. Na goge shi, na hura wuta na kara shi. Na zuba gara, bai kalle ta ba. Zankon kansa da yake ja ya koma baƙi-baƙi, idonsa yana lumshewa.

Ga laifina, ku ji shi da kyau. Wajen hantsi Baba ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, don mazan ƙauyenmu Ƙofa suke zuwa masallaci, kuma da damina da wuri suke fita saboda rafi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin girki ya ce, "Larai, yaya mai jikin naki?"

Na tare kwandon da jikina na ce, "Da sauƙi, Baba."

Da na faɗi gaskiya da a take ya yanka shi. Na san haka. Na yi tunanin in aka yanka yau, baki shida ne za su raba, Inna ta sami tsoka ɗaya ta tura wa Zulai. Na yi tunanin in ya ji ɗumi zai farfaɗo, tunda ya farfaɗo a baya. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan muni: kwana goma sha biyu ina wahala, ina so a ce Larai ta iya. Baba ya ce madalla, ya fita.

Rana ba ta kai tsaka ba zakara ya kife gefe guda, ya miƙe ƙafafu, yana buɗe baki yana jan numfashi. Duk wanda ya tashi cikin kaji ya san wannan kwanciya. Na kwasa da gudu. Gida huɗu na shiga, ko sallama ban tsaya yi ba, ina tambaya ko akwai namiji. Babu. Har yara maza sun bi iyayensu, don ranar Juma'a akan raba sadaka a bakin masallaci, kuma a shekarar nan ba mai barin ɗansa a gida. Na gangara bakin rafi ko zan hangi wani, na tarar ya kawo, jan ruwa yana tafe da karan dawa da reshen itace. Ko an idar da salla ba mai haurowa da wuri.

Na dawo na tarar yana numfashi har yanzu. Na shiga ɗakin Baba na zaro wuƙar daga inda yake soke ta. Na sha ganin yadda ake yi: a fuskanci gabas, a take fukafukai da ƙafa ɗaya, a take ƙafafu da ɗayar, a ja wuya, a yi bisimilla. Na fito da shi tsakar gida cikin yayyafi, na take, na kama kansa. Wuƙar tana kan wuyansa aka cafke mini hannu.

Ban san tsohuwar da take wuni a kan kunu tana da irin wannan ƙarfi ba. Yatsunta suka nutse a wuyan hannuna.

"Ke, kanki ɗaya? Mace ba ta yanka. Mushe kike so ki ciyar da mu?"

"Kaka, in kika riƙe ni ne zai zama mushe. Ki duba shi."

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa gani ba, ba kuma a gidan ɗana za a fara ba. A jira maza."

Na ce ba zai kai ba. Ta ce in bai kai ba Allah bai nufa ba. Na yi fizge-fizge, na yi kuka, na ce ta bar ni ni kaɗai in ɗauki zunubin. Inna ta fito ta dafa ƙyauren ɗakinta, da ƙyar take tsayuwa. Ta ce a hankali, "Iya, da dai an bari..." Kaka ta juya ta ce, "Har da ke?" Inna ta sunkuyar da kai.

Haka muka tsaya, ƙafata a kan fukafukinsa, hannuna a cikin na Kaka, ruwa yana sauka a kanmu. Ina jin motsinsa a tafin ƙafata, yana raguwa, yana raguwa. Ya yi shure-shure biyu, yatsunsa suka saki. Sai da ta tabbata ya daina motsi sannan ta sake ni. Ta karɓi wuƙar ta goge da bakin zanenta, ko da yake ba abin da ya taɓa ta, ta mayar ɗaki.

Bayan la'asar Baba ya dawo, jiƙe har ƙugu. A hannunsa akwai ɗan ƙulli: citta da masoro da kanumfari, kayan yajin jego, ban san abin da ya hana kansa ba kafin ya saye su. Ya ga zakara a kwance, ya yi salati. Kafin kowa ya buɗe baki Kaka ta ce, "Likitarka ta gama da shi." Baba ya juyo gare ni ya ce, "Ba ke kika ce mini da sauƙi ba?"

Me zan ce? Ai ni na faɗa masa haka. Ƙaryata ce ta zama gindin da labarin Kaka ya tsaya a kai. Bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Ya ɗauki zakaran ta ƙafafu ya fita bayan gida ya wurga a juji. Zulai ta bi shi tana kuka tana tambaya don me ba za a dafa ba. Karen da ya jawo abin tun farko shi ya ci. Kwana da kwanaki jajayen gashin suna manne a taɓon bayan gida, muna takawa in za mu tsinkar tafasa.

Za ku ce ina Inna, da ta ga komai? Ni 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, balle ta tsaya masa a gaban uwar miji. Ko da gaskiyarsa. Ta yi shiru ranar, kuma shirun ya ɗore.

Kwana tara bayan haka ta haihu, mace. Ta zubar da jini da yawa. Ruwan wanka da jiƙaƙƙen itace ba ya tafasa, sai dai ya yi ɗumi. Kunun kanwa tsararo. Yajin da Baba ya sayo aka daka, aka riƙa barbaɗa mata a kan tuwon rogo, ba abin da za a ci da shi sai hakan. Dangi suka haɗa aka sami ɗan akuya ranar suna, jama'a suka cika gida, abin da ya isa gaban Inna romo ne da ƙashi. Nono ya ƙi zuwa sosai. Jaririyar, da aka sa wa Maryam muke ce mata Marka, kukanta kamar na kyanwa. Dudu tana kawo madara in ta samu. Ba ta kai arba'in ba. Ta rasu a makon da aka fara karyar masara, gari duk ƙanshin gashi.

Ni ba wawiya ba ce, ban ce zakara guda zai raya jaririya ba. Kwananta ne ya ƙare. Abin da na ce shi ne, an hana yara nama wata da watanni don a ajiye wa mace guda, aka zo gaɓar ƙarshe aka bai wa kare.

Bayan an share makoki, wata rana ina wanke-wanke, Inna ta zo ta ajiye gasasshiyar masara a gefena. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Na gani." Ta wuce. Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Ina aji huɗu a sakandare malaminmu na addini yana bayanin yanka, sai ya faɗa a tsakiyar magana, kamar ba komai ba, cewa yankan mace halal ne in ta cika sharuɗɗa. Na ɗaga hannu na sa ya maimaita. Na sake tambaya ko da babu lalura, ya ce ko da babu. 'Yan aji suka yi ta dariya wai Larai mahauciya za ta zama. Ban ci abinci ba ranar. Da na zo hutu na faɗa wa Kaka, ta ce malaman yanzu ba abin da ba za su halatta ba. Wannan bai dame ni ba, na san za ta faɗa. Amsar Baba ce ta tsaya mini a wuya. Ya ce ai shi ya daɗe da sanin ba haramun ba ne, ba a dai saba ba ne.

Yanzu ina da kajina a Tiga. Akwai shagon maganin dabbobi a bakin hanya, akwai ruwan wanke ciwo, akwai na fesawa. Ƙaimi in ya yi tsawo ina rage tsininsa tun kafin ya maƙale a wani abu, ba na ɗaure kaza da igiyar buhu, ba na naɗe ciwo da damina. Matan unguwa suna kawo mini nasu in duba. Mun ci mun ƙoshi, alhamdu lillahi, ba na ƙirga kwanakin masara. Amma da na zauna na duba kaina sai na ga abin kunya. Shekara goma ke nan da sanin hukuncin nan, kuma duk kazar da aka ci a gidana sai na riƙe ta na jira mijina ya dawo, ko na aika a nemo wani a waje. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni nake riƙe da abina.

Jiya na kai wuƙata an wasa. Na faɗa wa mijina abin da zan yi, ya ce in dai gaishe da su Inna. Ranar Juma'a, ko ana ruwa ko ba a yi, zan ɗauki babban zakarana in tafi gida, in isa daidai lokacin da maza suka tafi masallaci. A tsakar gidan zan yanka shi da hannuna. Zan dafa shi da citta da masoro da kanumfari, in zuba wa Inna cinya biyu da ƙirji, in zauna a gabanta har ta cinye, ba turawa gaban kowa. Kaka ma zan zuba mata nata. Ba ta gani sosai yanzu, da zan iya yin shiru ta ci ba ta sani ba, amma ba zan cuce ta ba. Kafin ta sa hannu zan gaya mata wanda ya yanka. Ta ci ko ta bari.